Kwana Ɗari da Ashirin a Bangon Shagon Aski

Shekara goma sha ɗaya Purvis Gatlin ya yi yana share kotun gundumarmu, kuma tun ranar da ya ajiye tsintsiya babu wanda ya sake samun sakat a garin nan. In ka ce masa kanka yana ciwo, sai ya faɗa maka sashen dokar da ya yi magana a kan ciwon kai. A cewarsa alƙalai uku ya yi zamani da su, kuma babu wanda ya taɓa yanke hukunci mai nauyi ba tare da ya leƙo baranda ya ji ta bakinsa ba. Mu dai abin da muka sani shi ne suna leƙowa su ce masa kwandon shara ya cika.

Ni ne Rufus Tillery, mai shagon aski kusa da gidan waya. Talata zuwa Asabar nake buɗewa, kamar yadda ubana ya yi, kamar yadda kowane mai aski yake yi a wannan yanki namu na Mississippi. Kan Purvis babu abin da za a kira gashi a kansa, amma duk ranar da na buɗe, ƙarfe takwas yana kan bencina yana koya wa masu jiran layi shari'a kyauta.

Abu ɗaya ne in an taɓo shi bakinsa yake mutuwa na ɗan lokaci, wato tafkin tarwaɗa. Mahaifinsa da mahaifin maƙwabcinsa Odell Crenshaw ne suka haƙa tafkin tare, iyakar gonakinsu ta ratsa ta tsakiyar ruwa. Da tsofaffin suka rasu, 'ya'yan suka yi faɗa a kan wanda ya fi ɗibar kifi, sai Odell ya zagaye tafkin gaba ɗaya da shingen waya, har da gaɓar su Purvis da kututturen da ubansa yake zama a kai. Na sha wucewa da sassafe in ga Purvis tsaye yana riƙe da wayar yana kallon ruwan. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake ba zai taɓa yarda ya faɗa ba.

A dokarmu kuwa, in shinge ya cika shekara goma a tsaye mai ƙasa bai kai ƙara ba, ƙasar ta zama ta mai shinge. Shekara tara muna ce wa Purvis ya nemi lauya.

"Lauya? Ni? Ku bar shi ya gama sakin jiki tukuna," in ji shi. "Ranar da zan taso masa, ko hularsa ba zai tsaya ɗauka ba."

Sai da ya rage kwana tara shekara goman ta cika sannan ya sa taye, ya tafi kotu wata ranar Talata ya shigar da ƙara da kansa. Mijin Mis Earline, magatakardar kotun, a wurina yake aski, don haka ko tarin da aka yi a ofishin nan na ji labarinsa.

"Mista Purvis, ga sammacinka," in ji Mis Earline. "Daga yau kana da kwana ɗari da ashirin ka tabbatar ya shiga hannun duk wanda ka yi ƙara. Cikin kwanakin nan lissafin shingen a tsaye yake. In wa'adin ya wuce ba a kai ba, lissafin zai ci gaba daga inda ya tsaya, kuma alƙali zai kori ƙarar. Ga 'yar takarda nan da ta bayyana wanda ya halatta ya kai sammaci, ka daure ka..."

"Earline, lokacin da nake goge teburin nan kina ina? Kina firamare da kitso biyu."

"To, ɗan sandan gunduma yana kaiwa in ka biya kuɗin aike."

"In biya wani ya je ya ga fuskar Odell a madadina? Ashe ba ki san ni ba."

'Yar takardar bayanin dai ta iso shagona, amma ba a karanta ta ba. Purvis ya ninke ta huɗu ya tokare ƙafar bencina da ke rawa. Washegari Laraba ya zo da alli, ya zaɓi wani falankin katako a bangona kusa da madubi, ya ja zane ɗaya.

"Kwana ɗaya," ya ce. "Kullum na shigo zan ja ɗaya. Lauyoyi da na'ura suke lissafi, shi ya sa suke ɓata. Ni da idona zan riƙa gani."

"To ka kai masa takardar mana yau, ka huta," in ji Dikin Hosea, dattijon cocinmu, wanda ya haura tamanin kuma shi ma benci ɗaya suke zama.

"Dikin, ba a yin shari'a da gaggawa. Sai na bar shi ya rame tukuna."

Odell bai rame ba. Ni da nake ɗaura masa ƙyallen aski a wuya zan iya rantsewa ƙiba ma ya ƙara.

Ranar da zane ya kai arba'in da huɗu ita ce Asabar ɗin da cocinmu take suyar kifi ta shekara. Duk garin yana filin coci, ga teburan shayi mai ƙanƙara, ga kaskon mai yana tafasa, kuma mai suyar ba kowa ba ne sai Odell, da tarwaɗar tafkin da ake rigima a kai. Fasto yana cewa amin, sai ga Purvis cikin farar kwat ya karɓe lasifika daga hannunsa.

"Jama'a, ku ajiye cokali! Yau za ku ga yadda doka take aiki. Odell Crenshaw, a gaban Allah da gaban jama'a, ga sammaci!"

Odell ya goge hannu a jikin gyautonsa na girki, ya karɓi ambulan, ya juya ta gaba da baya.

"Na gode, ɗan'uwa Purvis. Kai da kanka ka kawo?"

"Da hannuna!"

"Jama'a, kun dai ji ko? Da hannunsa."

"Mun ji!" in ji mutane.

'Yar ƙanwar Odell, Jonetta, lauya ce a babban birni, ta zo cin kifi. Shayi ya sarƙe ta har sai da aka bubbuga mata baya. Odell kuwa ya shimfiɗa ambulan a tafin hannunsa, ya tsamo tarwaɗa biyu daga mai ya ɗora a kai, ya miƙa wa Purvis.

"Ci da zafinsa, ɗan'uwa. Na gaɓarku ne, sun fi maiƙo."

Purvis ya ɗaga kifin sama, mai yana gangarowa hannun farar kwat. "Kun gani? Tun ba a shiga kotu ba ya fara biyan diyya!"

Doka ta ba wanda aka yi ƙara kwana talatin ya ba da amsa. Odell bai ce uffan ba, Purvis kuma yana ta jan zane yana kaɗa ƙafa. Har ya sayi sabuwar kujerar ninki da zai kafa kusa da kututturen ubansa. Da zane ya kai saba'in da biyar ya koma wurin Mis Earline, wai a rubuta masa nasara tunda Odell ya tsorata ya kasa amsawa.

"Wa ya kai sammacin?" ta tambaya.

"Ni. A gaban mutum ɗari biyu."

"Ai ina wurin. Mista Purvis, mai ƙara ba ya kai sammacinsa da kansa. Dole wani ne daban, wanda ya kai shekara goma sha takwas kuma ba ya cikin shari'ar. A idon kotu, Odell bai karɓi komai ba."

"Yaushe aka canza?"

"Tun kafin a haifi tsintsiyarka. Kuma in da ni ce kai, da na sake ƙirga kwanakina da kyau."

"Saura arba'in da biyar. Ina da allo."

"An hana mu ba da shawarar shari'a," in ji ta, ta buga masa hatimi a sabon kwafi. "Amma ka sake ƙirgawa."

"Ni ne zan sake ƙirgawa? Allah ya kyauta miki, Earline."

Ya dawo shago yana cewa da gangan ya yi na farkon, don ya auna zurfin wayon Odell. Matarsa Loretha ta biyo shi da maganin hawan jininsa da ya manta a gida, ta ji abin da ake ciki.

"Ba ni takardar in miƙa masa mana," ta ce. "Duk Alhamis muna tare a ƙungiyar mawaƙan coci, kujerarsa tana bayan tawa."

"Loretha, wannan shari'a ce, ba rabon kek ba. Ki je gida."

Ta dube shi, ta ajiye maganin, ta tafi. Shi kuma ya juyo kaina. Wai ni ne amininsa na shekara arba'in, ni ne kaɗai zai iya damƙa wa wannan amana. Gaskiya maganar ta shige ni. Na karɓi ambulan a rufe na sa a aljihun tebur.

Ranar Asabar Odell ya zo gyaran gemu. Purvis ya ɓuya a banɗaki tun ƙarfe tara. Na kwantar da kujera, na ɗaure Odell da ƙyalle, na lafta masa kumfa har kunne, sannan na ɗora masa ambulan a ƙirji na ce, "Odell, ka yi haƙuri, an aiko ni."

Ƙofar banɗaki ta buɗe da ƙarfi. "Ya shiga hannu! Dikin, ka shaida! Ƙarfe goma da minti bakwai!"

Odell bai ko motsa ba. Ya zaro hannu daga ƙarƙashin ƙyalle, ya sa tabarau a kan kumfa, ya buɗe takardar ya fara karantawa da ƙarfi kamar mai karatun Zabura.

"Purvis Gatlin, mai ƙara. Waɗanda ake ƙara, na ɗaya, Odell Crenshaw. Na biyu..." Ya ɗago ya dube ni. "Rufus, ajiye askar nan tukuna."

"Karanta."

"Na biyu, Rufus Tillery, mai aski, saboda ya ba da aron motarsa aka ɗauko turakun shinge."

Na ajiye askar. Shekara goma da suka wuce Odell ya ari motata na rabin yini, ban ma tambaye shi abin da zai ɗauko ba.

"Purvis," na ce, "ni ka kai ƙara?"

"Haba Rufus, kada ka ɗauke shi da zafi. Dabara ce ta lauyoyi. Ƙara mai mutum ɗaya ba ta da kwarjini."

"Kofi nawa ka sha a shagon nan ba ka biya ba? Kuma ka aike ni in kai sammacin da sunana yake ciki?"

"To ai ka ga an huta, kai ma ka gani ke nan. Aike ɗaya, mutum biyu."

Dikin Hosea ya sunkuya a hankali ya zare 'yar takardar nan daga ƙarƙashin ƙafar benci. Purvis ya zo zama ke nan, bencin ya tuntsure da shi har ƙasa. Dikin bai ko dube shi ba, ya warware takardar ya karanta: wanda zai kai sammaci kada ya kasance mai ƙara, kada kuma ya kasance wanda ake ƙara.

"To, Rufus," in ji Odell, ya mayar da kai kan kujera, "tunda ni da kai 'yan ɗaki ɗaya ne yanzu, ka rage min gefen nan da kyau."

Da yamma ina share gashi, idona ya kai kan falankin. Saba'in da tara. Na dubi kalandar kamfanin taki da ke rataye a gefensa, na sa yatsa na ƙirga daga ranar Talatar da ya shigar da ƙara. Ɗari da tara. Na sake ƙirgawa, ɗari da tara. Sai na gane. Purvis yana jan zane ne duk ranar da ya shigo shago, shago kuwa a rufe yake Lahadi da Litinin. Duk mako kwana biyu suna wuce shi bai sani ba. Shi a ganinsa saura kwana arba'in da ɗaya, alhali saura goma sha ɗaya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har na ɗauki waya. Na tuna shi tsaye a jikin shinge da sassafe. Sai kuma na ji muryar Odell a kunnena tana cewa "na biyu, Rufus Tillery", zuciyata ta sake tafasa. Na ajiye wayar, na gyara wa allin zama a inda yake ajiye shi, na rufe shago.

Daga ranar Odell ya koma zama a kan ruwa. Jonetta ta yi masa nasa lissafin daidai, ta ce ya kauce wa takarda na 'yan makonni. Da gari ya waye sai ya ɗauki kwale-kwalensa da laima da kwandon abinci ya tafi tsakiyar tafkin ya kafa fatsa. Purvis ya haƙura ya biya ɗan sandan gunduma. Sau biyu mutumin yana zuwa, ya tsaya a bakin shinge ya ɗaga ambulan, Odell ya ɗaga masa kofi.

"Shiga mana ka same shi!" in ji Purvis.

"Mista Gatlin, kai takarda aka biya ni, ba iyo ba," in ji ɗan sanda, ya mayar masa da ambulan.

Wata Laraba Purvis ya ja zane na tamanin da shida yana fito, ya ce wa masu jiran layi har yanzu akwai sauran lokaci jingim. Ranar ce ta ɗari da ashirin. Ina tsaye a bayansa da almakashi, ban ce komai ba, amma ranar sai da na yi wa mutum biyu aski a karkace.

Kwana tara bayan nan shinge ya cika shekara goma. Odell yana iya komawa gida ya kwanta, amma zaman ruwa ya yi masa daɗi, ga shi kuma jama'a sun fara zuwa kallo da kujerunsu. Wata mata har ta kafa teburin sayar da lemo.

Purvis ya sanar cewa ya gano wata hanya da ko a babban birni ba a san ta ba. Ya naɗe sammacin a leda, ya ɗaure a bakin fatsa, ya tsaya a bakin shinge ya ce kowa ya matsa. Jifa na farko ya kamo reshen bishiya. Na biyu ya kamo jakar matar Fasto. Na uku ya tafi ɓuuu har tsakiyar ruwa, ƙugiya ta cafke hular Odell, ledar tana reto a gaban hancinsa.

"Ta taɓa shi! Kowa ya gani, ta taɓa shi!"

"Wa ya jefo?" Odell ya yi kira daga ruwa.

"Ni!"

"Da hannunsa!" jama'a suka amsa baki ɗaya, don maganar ta riga ta zama waƙa a garin.

"Ba ni na kai ba, ƙugiya ce ta kai! Ƙugiya kuwa ba ta cikin shari'ar!"

"Ta kai shekara goma sha takwas?" wani ya tambaya daga baya.

"Ta ubana ce, ta haura arba'in!"

Ya ja fatsar da ƙarfi don ya nuna musu, hular ta taso, ledar ta tsinke ta faɗa ruwa. Odell ya wuni babu hula, Purvis kuma ya tafi gida da hula babu sammaci.

Sai ya koma kan Dikin Hosea. Ya shekara tamanin da ɗaya, ba mai ƙara ba ne, ba a kuma yi ƙararsa ba, sai da Dikin ya sa aka karanta masa takardar har ƙarshe ya tabbatar. Purvis ya jawo tsohon kwale-kwalen ubansa daga bayan rumbu, ya liƙe ramukan da kwalta, ya ce jirgin zai iya kai mutum teku ya dawo. Odell da kansa ya yi kira cewa ƙofar shinge a buɗe take ga Dikin, shi ba ya hana dattijo hanya.

Dikin ya shiga, aka tura shi. Ya yi tuƙi goma lafiya. A na goma sha biyar muka ga ya ajiye filafili ya sunkuya. A na ashirin babu tuƙi, sai ruwa da ya kai masa ƙauri, yana rera waƙar jana'iza.

"Dikin, ci gaba! Saura kaɗan!"

"Purvis, in na mutu Allah ya isa tsakanina da kai!"

Odell ya tuƙo da sauri, ya kamo Dikin ta ɗamara ya juye shi cikin nasa jirgin. Tsohon kwale-kwalen ya yi gurgur ya nutse. Ga ɗan aike ga wanda ake nema a jirgi ɗaya, gwiwa tana taɓa gwiwa. Purvis ya kama shinge yana tsalle.

"Yanzu, Dikin! Miƙa masa takardar!"

"Wace takarda?"

"Sammacin!"

"Af, ai da ita na toshe ramin."

Odell ya ba Dikin tawul da fatsa guda. Ba su fito ba sai bayan la'asar, Dikin da tarwaɗa huɗu, yana cewa rabonsa da jin daɗi irin na yau tun matarsa tana da rai.

Ranar da zane ya kai ɗari da goma sha takwas Loretha ta gaji. Ba ta shawarci kowa ba. Ta je wurin Mis Earline ta karɓi kwafi biyu, ta gasa kek ɗin dankali biyu, ta ƙwanƙwasa ƙofar Odell da safe kafin ya fita. Ya karɓi kek da takarda, ya yi godiya, har ya tambaye ta lafiyar ƙafarta. Ta zo shagona ta ajiye min nawa, ta koma kotu ta sa hannu a takardar shaida. Duka-duka awa ɗaya.

"Kun ga aikin tsari?" in ji Purvis. "Duk waɗancan na yi ne don in gajiyar da shi. Loretha ita ce makamin da na ɓoye. Saura kwana biyu cif, a nan gwaninta take."

Ranar zaman kotu ko wurin tsayawa babu. Jonetta ta miƙe ta ce a kori ƙarar, an kai sammaci bayan wa'adi. Purvis ya yi murmushi, ya ce yana da hujja a waje. Ya fita ya dawo rungume da falankin bangon shagona, wanda ya kwance da sukundireba da safe ina banɗaki. Wajen juyawa da shi ya ture tulun ruwan alƙali, ya kuma kwaɓe wa ɗan sandan kotu hula.

"Ya mai shari'a, ga kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya. Ɗari da goma sha takwas. A ƙirga."

Alƙalin, wani mai haƙuri da tabarau a kan hanci, ya dubi allon ya dubi takardunsa. "Mista Gatlin, kalandar kotu ta ce kwana ɗari da sittin da huɗu."

"Ya mai shari'a, kalandar kotun nan tun zamanina take da matsala."

"A ina ake jan wannan zanen?"

"A shagon wanda ake ƙara na biyu. Kullum, ban taɓa fashi ba."

"Mista Tillery, tashi. Waɗanne ranaku kake buɗe shago?"

Na miƙe. "Talata zuwa Asabar, ya mai shari'a."

Sai Dikin Hosea ya ce "Ya Ubangiji!" daga nan ɗakin ya fashe, har alƙali ya rufe baki da fayil. Purvis bai yi dariya ba. Ya dubi allon, ya fara lanƙwasa yatsu, leɓensa yana motsi. Da ya gama ya juyo gare ni.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ji sunana."

Ya juya da sauri. "Ya mai shari'a, ka ji da kunnenka! Laifin mai aski ne da ba ya buɗewa kullum. Ina roƙon a cire Lahadi da Litinin!"

"Mista Gatlin, kotun nan ma tana rufewa kwana biyu a mako, kai ne shaida, amma kwanakin ba sa tsayawa jiranta. An kori ƙara. Ka mayar wa mutum bangonsa."

Da aka watse na same shi zaune a kan matakalar kotun da ya share shekara goma sha ɗaya, allon a kan cinyarsa, Loretha a gefensa tana riƙe da kwat ɗinsa. Ban taɓa ganin Purvis ya yi minti biyar bai yi magana ba sai ranar. Gaɓar ubansa ta tafi, kututture da komai, kuma da na buga waya guda ɗaya da ba ta tafi ba. Fushina ya gudu ya bar ni da kunya, na tsaya nesa kamar wanda ya zo biki ba a gayyace shi ba.

Odell ya sauko, ya tsaya a kansa yana laluben aljihu. Ya ciro ɗan mabuɗi ya ajiye a kan allon.

"Na ƙofar shinge ne. Kututturen yana nan, ban taɓa shi ba. Ka riƙa zuwa kamun kifi Lahadi bayan coci, da Litinin."

Purvis ya ɗago. "Me ya sa Lahadi da Litinin?"

"Su ne ranakun da ba ka da wurin zuwa. Kuma tunda ba ka ƙirga su, ba za ka tashi wata rana ka ce min sun cika shekara goma ba. Ka dawo min da hulata."

Ranar Talata ƙarfe takwas sai ga shi ya shigo shago. Bai dube ni ba. Ya ajiye wani ƙunshi a jarida a kan kujerar aski, ya zauna a benci, ya harɗe ƙafa.

"Kwana ɗari da huɗu a shekara," ya ce wa masu jiran layi, "ba tare da na biya lauya ko sisi ba. Yarinyar nan ta birni har yanzu ba ta gane yadda na yi musu ba."

Dikin Hosea ya buɗe jaridar, tarwaɗa biyu manya. "Wannan fa na wa?"

"Na wanda ake ƙara na biyu," in ji Purvis, yana kallon ramin da ya bari a bangona. "Loretha ta ce in aiko wani. Na ce a'a, wannan doka ta yarda in kawo da hannuna."